Europa Universalis IV: Ta yaya ake cin ƙasa a Jamus ba tare da an yi wa mutum taron dangi ba?

Dan_Taswira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a wannan wasan kwamfuta na mulkin ƙasa da yaƙi. Na ɗauki Brandenburg daga 1444 da niyyar kafa Furushiya. Farko komai lafiya, na ci yaƙi biyu, na karɓi larduna daga maƙwabtana na arewa, na haɗiye wata ƙaramar ƙasa gaba ɗayanta. Kafin 1475 sai ga rabin Jamus sun haɗa kai a kaina, har da waɗanda ko iyaka ba mu haɗa ba. Yanzu bashi ya kai mini wuya, rumbun mayaƙa (mutanen da ake cike gurbin soja da su) babu kowa, ga kuma Ostiriya tana cewa in mayar da lardin da na ci. Shin wasan nan haƙuri yake so, mutum ya zauna yana kallon taswira, ko akwai dabarar da ake faɗaɗa ƙasa da sauri a tsira?

BaradenArewa:
Wa alaikumus salam. Ka faɗa wa ramin da kowa ke faɗawa ne. Cikin Daular Rum Mai Tsarki kake, wadda ta haɗa ƙasashen Jamus ƙarƙashin sarkin sarakuna ɗaya, kuma a can kowane lardi da ka ci haushin da yake jawo maka ya fi na ko'ina, an ƙara masa rabi. Ga shi ƙasashen ƙanana ne birjik, addininku ɗaya, yarenku ɗaya, kuma suna kusa da kai. Duk waɗannan ƙara AE suke yi, wato makin haushin da ƙasashe ke ji a kan mai cin ƙasa. Lardi huɗu a Jamus sun fi goma a wani wuri tsada.

Dan_Taswira:
To ni ai ban ma san inda ake ganin wannan AE ɗin ba sai bayan an gama yaƙi.

Malam_Igwa:
Ɗan'uwa, kafin ka aika takardar sulhu, dubi ƙasan shafin. Akwai wata 'yar alama da idan ka ɗora linzami a kanta za ta jero maka sunayen ƙasashen da za su iya shiga taron dangi idan ka karɓi abin da ka zaɓa. Wannan jerin shi ne alƙalinka. Dokar kuma a bayyane take: ƙasa ba ta shiga sai haushinta a kanka ya kai 50, sai ra'ayinta game da kai ya zama ƙasa da sifili, kuma babu yarjejeniyar tsagaita wuta tsakaninku. Sannan sai irin waɗannan ƙasashe sun kai huɗu kafin a iya haɗa taron. Saboda haka idan ka ga sunaye uku a jerin, karɓi abinka. Idan ka ga goma sha biyar, cire lardi ɗaya ka sake dubawa, sau da yawa lardi guda ne ke sauya lissafin gaba ɗaya.

Na biyu, jakadunka kada su zauna banza ko wata ɗaya. Tura su su riƙa kyautata dangantaka da maƙwabta tun kafin ka fara yaƙi, ba bayan wuta ta kama ba. Jakada yana iya ɗaga ra'ayin ƙasa har 100. Ƙasar da ke jin haushinka 60 amma jimillar ra'ayinta yana sama da sifili ba za ta shiga ba. Haushin kansa yana raguwa da maki 2 a shekara, kuma duk abin da ya ƙara maka ƙarfin kyautata dangantaka yana sa ya fi saurin zubewa. Akwai mashawarcin diflomasiyya da ke ba da wannan, idan ka same shi ka riƙe shi.

Zinariya_99:
Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ni tambayata ita ce me ya kai sabon ɗan wasa Brandenburg? Ɗauki Turkawa ka koyi yaƙi, ko Kastil, ko Fotugal in kana son zaman lafiya da jiragen ruwa. Sarkin Turkawa Mehmed na Biyu 6/4/6 yake farawa da shi (iyawarsa a mulki, diflomasiyya da soja, 6 ce ƙololuwa), makin sarauta zuba suke yi. Ka ci Kustantiniyya, ka juya gabas ka ci ƙananan masarautun Anatoliya, kafin haushin Musulmi ya taru ka koma Balkan, kafin na Kirista ya taru ka sake komawa gabas. A nan ake koyon yadda ake raba haushi gida biyu. Brandenburg kuwa duk inda ya juya mutane iri ɗaya yake ɓata wa rai.

BaradenArewa:
Hajiya, Turkawa lalata ɗan wasa suke yi. Wanda ya saba da su ba ya koyon lissafi, domin ko ya yi shirme ƙarfi zai rufe masa asiri.

Zinariya_99:
Wanda aka share daga taswira a 1480 kuma me ya koya? Gwamma ya kai 1600 ya ga yadda wasan yake.

Kyaftin_Jirgi:
Ni ina bayan Kastil. Granada tana nan a shirye don yaƙin farko, Aragon kuma sau da yawa tana zuwa hannunka ta hanyar auren sarauta ba tare da ka harba ko kibiya ba. Abu ɗaya kawai, yarima Enrique 0/0/0 ne. Ka tsige shi daga gado tun ranar farko, martaba 50 za ka biya, kuma ta fi arha a kan shekara ashirin na sarkin da ba ya kawo komai.

Dan_Taswira:
Na gode, amma na riga na buga Kastil, shi ya sa na ce bari in gwada mai wahala. Abin da nake so in sani yanzu, wannan wasan da ke hannuna zai gyaru ko in sake sabo?

Tsohon_Soja:
Zai gyaru. Bar ma batun sake sabo, a irin wannan halin ake sanin wasa. An riga an kaddamar da yaƙin ne, ko sun haɗu dai suna kallonka?

Dan_Taswira:
Sun haɗu, ba su kawo hari ba tukuna. Abokina ɗaya ne, Saksoni.

Tsohon_Soja:
To da sauranka. Kwamfuta ba ta kawo hari sai ta auna ƙarfin taron da naka haɗe da na abokanka ta ga za ta ci riba. Aikinka yanzu ka sa lissafin ya ƙi fita. Nemi babban aboki ko biyu. Kai mai zaɓen sarkin sarakuna ne, ɗaya daga cikin bakwai, kuri'arka tana da daraja. Ba Ostiriya kuri'ar, ka yi auren sarauta da ita, ka nemi ƙawance. Polan ma ka gwada, musamman in ta riga ta haɗa Lituweniya a ƙarƙashinta. Sannan ka cika rundunarka zuwa iyakar da aka yarje maka ko da bashi ne. Da sun ga Ostiriya da Polan a bayanka za ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

In kuma har suka kawo harin, kada ka tsaya kare kowane lardi. Yaƙin taron dangi a fagen daga ake cin makinsa, kuma ba a sulhu da su ɗaiɗai, sai da jagoransu. Ka ja da baya, ka bari su zauna a kan ganuwarka, yunwa da ciwo suna cin su kowane wata, kai kuma ka riƙa tsintar ƙananan rundunoni da suka ware. Idan abin ya gagara, ba da kuɗi, ko ka 'yanta wata ƙaramar ƙasa. Za ka samu tsagaita wuta da dukkansu lokaci guda, kuma ba da ƙasa yana rage haushin. Mutane suna ɗauka faɗuwa a yaƙin taro ƙarshen wasa ne, alhali sau da yawa shekara goma sha wani abu kawai ya ci maka cikin wasan da zai kai 1821.

Malam_Igwa:
Ƙari a kan batun Ostiriya da Dan_Taswira ya ambata a farko. Wannan buƙatar mayar da lardi tana zuwa ne idan ka riƙe ƙasar daular da ba ka halasta ba, wato ba ka biya maki ka mayar da ita cikakkiyar ƙasarka ba. In kana ƙawance da sarkin sarakuna, wato sarkin Ostiriya, da wuya ya nema. Wasu kuma suna tabbatar da suna cikin wani yaƙin lokacin da suke halasta lardunan, domin ba ya iya aiko da buƙatar kana tsakiyar yaƙi. Da lardi ya halastu magana ta ƙare.

Sarkin_Fada:
Duk kun tsaya kan yaƙi, ba wanda ya tambaye shi yadda yake kashe makinsa. Ni a ganina wasan nan gaba ɗaya lissafin maki uku ne: na takarda (mulki), na kurciya (diflomasiyya), na takobi (soja). Kuɗi ana ranta, soja ana haya, amma makin sarauta ba a ranta. Kowane wata uku-uku ake ba ka, sai a ɗora iyawar sarki daga 0 zuwa 6, sai na mashawarta. Fasaha ɗaya 600 ce kafin ragi ko ƙari, dabara ɗaya 400, halasta lardi maki 10 na takarda a kan kowane ɗigon ci gabansa. Wanda ya ci ƙasa da yawa da wuri, makin takardarsa duk a halastawa zai ƙare, ya makara wajen fasahar mulki ta 5 inda ake buɗe rukunin dabaru na farko. Ga Furushiyar da yake so ma sai fasahar mulki ta 10.

Shawarata, ranar 11 ga Nuwamba 1444 kafin ka saki agogo: ba malaman addini, fadawa da 'yan kasuwa gatan nan da ke ƙara maki ɗaya a wata kowanne. Zai rage maka kason ƙasar da ke hannun sarki, amma kana iya ƙwace kashi 5 duk bayan shekara biyar ka farfaɗo. Ka karkata hankalin ƙasa ga makin takobi don ka riga maƙwabta kai fasahar soja ta 4. Ka zaɓi abokan gaba da za ka iya dokewa, ka wulaƙanta su a sulhu, domin idan kwarjininka ya kai 50 ana ƙara maka maki ɗaya a kowane fanni.

BaradenArewa:
Wannan na wulaƙanta abokin gaba shi ne amsar tambayar farko ma. Ba kowane yaƙi ne na cin ƙasa ba. Lokacin da kake jiran haushi ya sauka, shiga yaƙi ka karɓi kuɗi da diyya da wulaƙanci. Babu AE a ciki, kuma ka ɗaure ƙasar da tsagaita wuta, wadda ke kaiwa daga shekara 5 zuwa 15 gwargwadon abin da ka karɓa. Ƙasar da ke cikin tsagaita wuta ba ta shiga taro. Ka ga ba zaman kallon taswira ba ne.

Gimbiya_Taktik:
Ba wanda ya ambaci barori? Ita ce hanyar da na fi so. Maimakon ka haɗiye ƙasa, duba taswira ka ga wace matacciyar ƙasa ce ke da haƙƙin larduna da yawa a hannun maƙwabcinka. Ci lardi ɗaya nata, ka tashe ta a matsayin baranka, sai ka yi yaƙi da hujjar ƙwato mata ƙasarta. Wannan hujjar kashi ɗaya cikin huɗu na haushin da aka saba take jawowa. Bayan shekara goma, in ra'ayinta ya kai 190, ka haɗiye ta da makin kurciya, 8 a kan kowane ɗigon ci gaba. Ka ga nauyin ya rabu, ba takarda kaɗai ke ɗauka ba kamar yadda Sarkin_Fada ke kuka. Ka dai sa ido kan burinsu na 'yanci kada ya wuce kashi 50, kuma ka tuna guraben dangantaka huɗu ne kawai a farko, kowane ƙari maki ɗaya na kurciya yake ci a wata.

Sarkin_Fada:
Ranki ya daɗe, ba kuka nake ba, lissafi nake. Amma kin yi gaskiya.

Yaro_Mai_Sauri:
Ni duk wannan taka-tsantsan ɗin bai dame ni ba. Ku ci bashi, ku ɗauki sojan haya, ku murƙushe kowa. Bashi lamba ce kawai. In ka ninka ƙasarka, bashin da ya yi maka nauyi jiya gobe ba komai ba ne. Taron dangi ma idan ka riga su kai hari kafin su yi yawa, kai ke zaɓen lokaci.

Kyaftin_Jirgi:
Wannan maganar masu kallon ƙwararru a YouTube ce. Su sun san ranar da kowace yarjejeniya za ta ƙare. Sabon ɗan wasa ya bi ka, sai fatara, kuma fatara shekara biyar ce sojanka ba su da ƙwarin gwiwa, kowa ya zo ya yagi rabonsa.

Yaro_Mai_Sauri:
To ai ban ce ya ranta ya gina coci ba. Ranta don cin yaƙi. Akwai ma bashin 'yan kasuwa mai ruwa kashi 1, na banki kuwa kashi 4 ne. Wanda ya ƙi bashi ya faɗi yaƙi ya fi wanda ya ci bashi ya yi nasara asara.

Tsohon_Soja:
Yaro yana da gaskiya rabi. Bashi don yaƙin da ka tabbatar za ka ci, kuma za ka karɓi kuɗi a sulhu ka biya, ba laifi. Bashi don biyan ruwan wani bashin shi ne halaka. Sojan haya kuma amfaninsu a wurin mai matsala irin ta Dan_Taswira shi ne ba sa taɓa rumbun mayaƙanka, nasu daban ne. Ka sa su a aikin ƙawanya su sha wahalar, naka su huta, don rumbun yana ɗaukar kimanin shekara goma kafin ya cika daga sifili.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cinye mayaƙan sababbi. Suna kai hari duk inda suka ga maƙiyi. Ɗan wasa ya duba ƙasa tukuna. Mai kai hari a kan dutse ana cire masa 2 daga kuri'ar faɗa, a tudu ko daji 1, tsallaka kogi 1, tsallaka mashigin teku 2. Kuri'ar daga 0 zuwa 9 ce, ka ga 2 ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ga sirrin ganuwa: idan maƙiyi ya yi wa ganuwarka ƙawanya ka zo ka far masa, shi ake ɗauka mai kai hari, shi zai sha hukuncin ƙasar. Shi ya sa ake gina ganuwa a kan dutse ko cikin daji. Kada kuma ka tara dukkan runduna a lardi ɗaya su wuce abin da lardin zai iya ciyarwa. Raba su biyu kusa da juna, in faɗa ya tashi su haɗu. Kuma kada ka yarda ka yi yaƙi da wanda ya fi ka fasahar soja, ko da mataki ɗaya ne, musamman 4 da 6 da 15.

Malam_Igwa:
Igwa kuma daga fasaha ta 7 take fitowa. Da farko ka sayi kaɗan don saurin fasa ganuwa kawai, suna da tsada. Daga wajen fasaha ta 16 ne ake cika layin baya da su, a lokacin su ke kashe mutane.

Bakon_Dare:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Duk wannan na Turai ne. Ni Songhai nake bugawa kuma taron dangi bai taɓa damuna ba, fasaha ce ke kashe ni. Kafin Turawa su iso gaɓar teku sun fi ni mataki huɗu.

Gimbiya_Taktik:
Matsalarka sauye-sauyen zamani ne. Farfaɗowar ilimi tana ɓullowa a Italiya wajen 1450, mulkin mallaka 1500, injin ɗab'i 1550, kasuwancin duniya 1600, haka dai duk bayan shekara hamsin. Duk wanda ba ka rungumi ba yana ƙara maka tsadar fasaha har zuwa kashi 50. In ka jira ya tako da ƙafarsa daga Italiya ya tsallake Sahara, ka makara. Zaɓi lardi ɗaya mai arhar ginawa, filin noma ko cibiyar kasuwa kusa da babban birninka, ka zuba masa maki har abin ya ɓullo a can. Zai ci wajen maki dubu biyu, amma ka samu babban birni a kai, kuma daga nan zai bazu. Sannan ka kama lardunan zinariya na Mali, Bambuk da Bure, ka gina su. Ka dai lura da hauhawar farashi, zinariya tana jawo ta.

Bakon_Dare:
Wato in daina sayen fasaha da tsada in zuba makin a lardi tukuna?

Gimbiya_Taktik:
Ta mulki da ta diflomasiyya su jira. Ta soja kada ka bari ta jira ko da tsada.

Zinariya_99:
Mu dawo kan mai tambaya. Dan_Taswira, ka sayi yankin Neumark kuwa? Jaruman Tutonik, masu mulkin yankin Furushiya, sukan sayar wa Brandenburg shi a farkon wasa, kamar yadda ya faru a tarihi, ba yaƙi ba haushi. Kuma hanyar Furushiya gabas take, ba cikin Jamus ba. Birnin Königsberg kake buƙata, kuma sai ka bar Katolika ka koma Furotesta bayan gyaran addini ya ɓullo. In ka bari Polan ta riga ka cinye Tutonik, dole wata rana ka yaƙi abokin naka.

Dan_Taswira:
Na saya. Polan kuma ta riga ta mayar da Danzig baranta, Königsberg tana hannun Tutonik har yanzu. Na bi shawarar Tsohon_Soja, Ostiriya ta karɓi ƙawance, ƙasashe biyar sun fita daga taron. Saura Bohemiya da wasu ƙanana. Yanzu rukunin dabaru na farko nake tunani, na ga kowa yana cewa Furushiya sai dabarun soja.

Sarkin_Fada:
Kada ka fara da na soja. Makin takobi a wannan lokacin na fasaha ne da janar-janar. Ɗauki diflomasiyya: ƙarin jakadu, saurin kyautata dangantaka, ragin kashi 20 na farashin lardi a teburin sulhu. A cikin daula babu kamarsa. Na biyu a fasaha ta 7 sai ka ɗauki na soja ko na mulki mai rage kuɗin halastawa da kashi 25.

BaradenArewa:
Ni leƙen asiri zan ce. Yana rage AE kai tsaye da kashi 20, kuma da'awar lardi tana saurin samuwa. Mutane raina shi suke yi tun tsohon zubi, alhali an gyara shi.

Sarkin_Fada:
Rage haushin da za a ji, ko saurin mantar da wanda aka riga aka ji? Shi da ke da haushi a ƙasa yanzu na biyun yake buƙata.

Yaro_Mai_Sauri:
Ku dai kuna ta lallashin ƙananan ƙasashe. Bohemiya ce kaɗai mai ƙarfi a taron da ya rage, kuma yana da Ostiriya. Ya tara alfarma 10 a wurinta, ya kira ta, su afka wa taron tun yanzu. An gama.

Tsohon_Soja:
Sarkin sarakuna ba ya son shiga yaƙin cin zali a kan 'yan daularsa, sai ka duba alamar kore kafin ka danna. Kuma rumbunsa babu kowa, ka manta? Dan_Taswira, mayaƙa nawa ka tara yanzu, kuma Bohemiya da wa take ƙawance?

Dan_Taswira:
Dubu shida a rumbu, runduna dubu goma sha takwas. Bohemiya tana tare da Hangari. Tsagaita wutata da Tutonik kuma saura shekara biyu ta ƙare.

Gimbiya_Taktik:
To bar Bohemiya. Tura ɗan leƙen asiri Tutonik yanzu ka haɗa da'awa kafin shekara biyun su cika, jakadun da suka rage su zagaya ƙananan da ke cikin taron. In Polan ta riga ka shelanta yaƙi a kansu, shiga kai ma ka riga ta zama a kan Königsberg, wanda ya fara kafa ƙawanya shi ke riƙe garin.

Malam_Igwa:
Sai dai ya duba ko Tutonik sun shiga daular, domin wani lokaci suna shiga, kuma in sun shiga Ostiriya ce za ta kare su, ƙawancen da ya sha wahalar samu ya watse. Dan_Taswira, buɗe taswirar daula ka gaya mana launin Königsberg.